Gonar Kona

Zana ce kawai ta raba ajin Raihana da na Misbahu a kolej ɗin Korgom. Ita lissafi take koyarwa, shi Ingilishi. Ran nan ta jiyo shi yana ce wa yara, "Take away, wato a ɗebe. Goma take away uku, saura shida."

Ta leƙo ta ɓular zanar. "Mushe Misbahu, bakwai dai."

Yara suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya tsaya da alli a hannu yana kallonta, ko kunyar ma ya manta.

Kafin hutun damina magana ta yi nisa. Amma da magabatansa suka je Tasawa, Malam Salifu, mahaifinta, ko tabarma bai shimfiɗa musu ba, da ya ji Ɗan Malam na Kona ne mahaifin Misbahu.

"Ɗiyata gidan Ɗan Malam? Mutumin da ya cinye gonar ubana a shari'a? Ga Lamine ɗan ƙanena, in aure take so."

Ta wuni tana kuka, sannan ta rubuta wa Misbahu: "Masoyina, kalmar nan taka, take away, a lissafi kaɗai ake faɗar ta?"

Ya amsa: "A'a, sheri. Ana faɗar ta in an kwashe kwanuka, in an ƙwace wa mutum abinsa, in an tafi da wanda kake so. Don Allah kada a koya mini ta ƙarshen."

Sai da aka shekara Malam Salifu ya sauko, da sharaɗi guda: a maido gonar. Misbahu ya rantse ba zai faɗa wa tsohonsa ba. Raihana ce ta hau moto zuwa Kona, ta durƙusa gaban Ɗan Malam ta faɗa.

Tsohon ya dube ta. "Shekara talatin ina noma ta. Kina son shi, ɗiyata?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, su ɗauka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Ɗan Malam ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, aka shafa. Misbahu bai tsawata mata ba, amma bai taɓa ta da zancen ba.

Da ruwan farko ya sauka suna hutu a Kona. Da safe ta kai wa surukinta kunu, ta tarar da shi bakin ƙofa, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu, ya tsaya cak.

"Baba, ina zuwa?"

Ya dubi hanyar gonar, ya dube ta. Ya jingine sungumin a hankali.

"Mantawa na yi, ɗiyata. Kawo kunun."