Wanda Ya Tare a Kwamfutar Dosara

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Hayatu ya ɗaure sukuru na ƙarshe a jikin kwamfutar. Shagonsa na bakin tashar Talata Mafara, kuma a ƙuryar bayan shagon yake kwana tun da mahaifiyarsa ta rasu, ƙannensa suka watse. Mutum ne da ya fi iya magana da inji fiye da mutane, kuma kaɗaici ya riga ya zauna masa a jiki.

Kwamfutar ta wata mata ce, Safara'u, da ta kawo ta daga Maradun naɗe cikin zane. Ta mijinta ce marigayi, wanda yake buga wa mutane takardu a Dosara. Bayan rasuwarsa suka bar ƙauyen, injin ya shekara uku kulle a ɗakin da ba mai shiga. Yanzu tana son ta kama sana'ar ta ciyar da 'ya'yanta. Abu ɗaya ta roƙa, har sau uku: hotunan mijin da ke ciki, kada su ɓace. Ƙaramar 'yarta ba ta san fuskar ubanta ba, kuma babu hotonsa a ko'ina sai nan.

Hayatu ya cire tsohon bod, wato babban farantin da komai na kwamfuta ke maƙale a jikinsa, ya sa sabo. Da zai buɗe akwatin, maganar mahaifiyarsa ta faɗo masa, cewa abin da ya daɗe a rufe ba a buɗe shi sai da bisimilla da sallama, don ba a san wanda ya tare ciki ba. Ya yi murmushi, ya sa baki ya hure ƙurar.

Tsohon Windos ya ƙi tashi a kan sabon bod, kamar yadda ya zata. Sai an sa sabon Windos. Faifan ajiyar rabe yake gida biyu, ɗaya na Windos, ɗaya na hotuna. Aiki mai sauƙi ne: a goge na farko, a bar na biyu. Ya soka filash mai ɗauke da sabon Windos, ya kai wurin gogewa, ya zaɓi gidan farko.

Aka kira magariba. Maƙwabta suka ja ƙofofinsu, layin ya yi tsit. Ya ce wa kansa bari ya danna kawai ya tafi alwala.

Ya danna. A daidai nan aka ɗauke wuta.

Ƙwan lantarki ya mutu, fankar sama ta tsaya. Sikirin bai mutu ba.

Hayatu ya duba bayan tebur. Babu batir, babu janareto. Ya zare wayar wutar daga bango, ya riƙe ta a hannu, shuɗin hasken sikirin yana nan a fuskarsa.

Sai wari ya taso. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, jiƙaƙƙiyar ƙasa da kashin jemage. Ƙaramar fankar cikin akwatin tana juyawa, tana tsayawa, tana juyawa. Ya ɗan jima kafin ya gane numfashi ne.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, wata murya ta riga shi.

"Ka rushe man ɗaki."

Muryar a hankali take, kamar ta tsohon da ya daɗe bai yi magana da kowa ba. Daga cikin akwatin ta fito.

"Mi kaka so?" in ji Hayatu, da ƙyar.

"Shekara uku ina nan, ba wanda ya kore ni. Ina za ni?"

Kibiyar sikirin ta motsa. Hannunsa ba ya kan maus. Ta sauka a hankali, ta tsaya kan gida na biyu, gidan hotuna. Ta zaɓe shi. Ta nufi wurin gogewa.

Ya gane nufin. An rushe masa nasa, zai share wancan ya shiga.

Ƙofa na bayansa a buɗe, taku uku ya isa titi. Ƙafafunsa har sun juya. Sai ya tuna yarinyar da ba ta san fuskar ubanta ba.

"Bar wanga," ya ce. "Na marayu na."

Kibiyar ta tsaya, ba ta ja da baya ba.

Ya laluba ƙasa, ya ɗauko tsohon bod ɗin da ya cire. "Ga naka nan, ban yada shi ba. Akwai wuri ciki. Ni ɗai na."

Sai wani sanyi ya bi ta damtsensa, farantin ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sikirin ya mutu. Hayatu ya kai bod ɗin ƙurya da hannu biyu, ya ajiye bisa kanta, ya fito da gudu ba takalmi. Sai da ya kai masallaci numfashinsa ya dawo.

Washegari aikin bai ba shi wata wahala ba. Safara'u ta zo da yarinyar, ya buɗe musu hotunan, ba wanda ya ɓace. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan sikirin ta tambayi uwarta ko shi ne. Uwar ta gyaɗa kai, tana hawaye.

Da ya ba liman labari, liman ya ce masa ya kai bod ɗin daji ya binne, ya riƙa karanta Baƙara a ɗakin. Hayatu yana karatun, amma binnewar kullum sai ya ce gobe. Maƙwabta dai sun lura yanzu ba ya shiga ƙuryar nan sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, alhali sun san ba kowa ciki.

Ana amsa masa. Kuma abin da ya fi ba shi tsoro, wanda bai taɓa faɗa wa liman ba, shi ne tun rasuwar mahaifiyarsa ba a taɓa amsa masa sallama a ɗakin nan ba, kuma ran da aka yi jinkirin amsawa, sai ya ji ba daɗi.