Zaren Baba

“Fitar min da tsumman nan daga gida!”

Turmin atamfar da saurayina Halliru ya ba ni kyauta ya faɗi a gabana.

“Baba, don Allah ka saurare ni...”

“Saude! A gidan masaƙi za ki ɗaura zanen kanti?”

Mahaifina Malam Daudu shekara arba'in yana saƙa a Roni. Halliru kuwa a masaƙarsa ya tashi, a nan muka fara son juna. Da motoci suka fara shigowa daga Kano, ya ajiye ƙoshiyar saƙa ya bi su. Yanzu duk ranar kasuwa shi ke sauke atamfa da akoko, mutane na rububi, gwadunan Baba na jibge ba mai tayawa.

Dela, 'yar maƙwabcinmu, ta daɗe tana son Halliru. Ita ta kawo wa Baba labarin kyautar, har ta ƙara da cewa wai Halliru ya ce masaƙar Baba ta zama itacen girki.

Da la'asar na sami Halliru a gindin tsamiyar bakin rijiya.

“Hasken idona, wa ya sa ki kuka?”

“Kai ka ce masaƙar Baba itacen girki ce?”

“Ni? Wallahi ƙarya ne! Hannun da ya ciyar da ni?”

Ya sassauta murya.

“Saudatuna, na kama ɗaki a Fagge. Ruwa a famfo yake, kin daina jan guga. Ki yarda a ɗaura mana aure mu tafi.”

“In tafi in bar shi da wa? Inna ta rasu. Yayyena biyu sun tafi cin rani, damina huɗu ke nan ba su dawo ba. Idonsa ya yi rauni, Halliru... ni nake kaɗa masa zare, ni nake ƙulla masa idan ya tsinke.”

“Sai mu tafi da shi!”

Washegari ya zo ya durƙusa a gaban masaƙa, ya rantse bai faɗi maganar ba, ya kuma roƙi Baba ya bi mu Kano. Baba ya ɗago kai.

“Na yarda ba ka faɗa ba. Amma ba zan je birni in zauna a zaure ana miƙo min tuwo ba. A nan zan mutu.”

“To ka dawo gida mana,” na ce da Halliru, hawaye na zuba.

“In dawo in saƙa wa wa, masoyiyata? Wa zai saya?”

Baba ya juyo inda muryata take.

“Na huce, Saude. Na ba shi ke. Ki tafi, Allah ya yi miki albarka.”

Da ma hana ni ya yi, da na sami wanda zan yi wa fushi...

Aka sa rana. Saura kwana uku, na dawo daga rijiya na tarar da Baba yana ta jefa ƙoshiya, yana buga ƙafa. Zaren ya tsinke tun tuni. Bai sani ba.

Na ajiye tulu, na tsuguna na ƙulla masa.

A ranar na aika wa Halliru cewa na fasa.

Ya zo ya yi kuka, ya roƙe ni, ya ce zai jira. Ya kuwa jira, shekara biyu cur. A ta uku iyayensa suka matsa masa, ya auri Dela.

Ranar da za a kai ta Kano ina zaune kusa da Baba da mazari a hannuna. Guɗa ta tashi, mota ta yi ƙara ta bi ta bayan katangarmu.

“Saude, hayaniyar mece ce wannan?”

Na ajiye mazarin, na sunkuya kan masaƙar.

“'Yan kasuwa ne, Baba. Ɗaga ƙafarka kaɗan, zaren ya harɗe.”