Dutsen da Ya Ci Sunan Ɗana

Daga kasuwar Sokodé nake komawa gida dab da magariba, a bayan babur ɗin Mahama ɗan acaba, da ƙullin daddawa a cinyata.

Da safiyar ranar Fulera, matar ɗana, ta bugo mini waya daga Dapaong.

"Inna, yau dutsen zai gifta kusa da duniya."

Na ce ya gifta mana, ni na riƙe shi?

Ɗana na fari ne ya gano dutsen. Aikinsa ke nan, duban hotunan sama tare da Turawa. Ya ga wani ɗigo yana matsawa, suka bi sawunsa shekaru, suka tabbatar yana zagaya rana, duk shekara uku ya raɓo mu. Kafin a raɗa wa dutsen suna, ciwon hanta ya ɗauke ɗana. Abokan aikinsa suka sa wa dutsen sunansa. Ba rago, ba liman. Karramawa, in ji su.

Ni kuwa ban taɓa faɗin sunan nan ba. Uwa ba ta kiran ɗan fari. Shekara arba'in da ɗaya "kai" nake ce masa.

Wajen gonakin doya babur ya mutu.

Kwaɗi suka yi tsit. Iska ta tsaya. Sai ƙaurin ƙarfe da ya sha wuta, a ƙarƙashinsa kuma ƙamshin man da ɗana ke shafawa.

"Inna."

Daga saman kaina muryar ta fito.

"Inna, sun ba dutse sunana. Can inda nake ana kira, ban san da me zan amsa ba. Kira ni sau ɗaya."

Mahama ya yi raɗa. "Hajiya, don Allah kar ki amsa."

"Sau ɗaya, Inna."

Wani nauyi ya sauko mini a ka, da zafi, kamar tukunya daga murhu.

Na buɗe baki. Harafin farko ya hau harshena.

Mahama ya doka wa babur kik da kabbara. Babur ya tashi.

Kwana tara na yi kwance. Gashin tsakiyar kaina bai sake fitowa ba. Malam ya ce aljani ne, na yi sa'a. Wataƙila. In kuma ɗana ne fa?

Shekarata saba'in da huɗu. Saura uku dutsen ya dawo. Kullum bayan asuba ina rufe ƙofa, in gwada sunan a hankali. Har yanzu a rabi yake maƙale mini.