Farin Katin Nafi'u Tela

Ku matso kusa. Ke Zulai, kife wayar nan tukuna, labarin ma na waya ne.

Akwai wani tela a Gumel, Nafi'u. Ni ma ya taɓa yi mini ɗinkin salla. Mutum ne mai surutu, yana taka keke yana zuba. Matarsa Barira, 'yarsu ɗaya tal, Iklima, shekararta huɗu. Bakin ubanta ta ɗauko.

Wani wasan kati na waya ne ya shiga ransa. Zaure gare su a cikin wayar, su talatin, ba wanda ya san fuskar wani. Kowa na tara katuna masu hoton namun daji, ana musaya: ba ni zaki, in ba ka kura biyu. Nafi'u ya haɗa duka, saura farar giwa. Wata uku yana cigiyarta.

Wata Laraba da la'asar, sai ga baƙo a zauren. Ba suna, ba hoto. Ya turo wa Nafi'u saƙon murya. Nafi'u ya kara a kunne. Murya ce mai sanyi, a hankali. Amma mutumin ya daɗe yana magana, bai ja numfashi ko sau ɗaya ba.

"Farar giwa tana wurina," in ji shi. "Ba ni farin katin da ke ƙarshen naka."

Nafi'u ya duba. Lallai akwai wani kati fari fat, ba komai a jikinsa. Bai ma san yaushe ya shigo ba. Ya ce banza ta faɗi, ya danna. Katin na wucewa sai ya ga fuska ta fito a jikinsa. 'Yar ƙaramar fuska, da kitson kalaba.

Ko shagon bai rufe ba, ya ruga gida.

Ya tarar da Iklima zaune a tsakar gida, ido buɗe, Barira na jijjiga ta.

"Baban Iklima, muna cikin hira ta yi shiru. Ko kuka ba ta yi."

Bakin yarinya na motsi, sauti ba ya fita.

Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Malam ya yi tofi, aka sha rubutu. Shiru. Rana ta biyu ta daina cin abinci, sai dai ta bi ubanta da ido. Shi kuwa ya kasa gaya wa kowa abin da ya yi. Yana ta rubuta wa baƙon. "Ɗauki giwarka." Ba amsa. "Ɗauki duka katunana." Ba amsa. Ya tambayi 'yan zaure wa ya saka mutumin. Suka ce, "Wane mutum? Ba wanda ya shigo."

Rana ta uku amsa ta zo.

"Waccan musaya ta wuce. Sai dai sabuwa. Zo gindin tsamiyar bayan tsohuwar marina, da almuru. Kai kaɗai."

Ya tafi. Ana kiran magariba daga nesa ya isa. Mutumin na zaune, ya jingina da tsamiya, ya lulluɓe kai da mayafi. Nafi'u ya yi sallama. Ba a amsa ba. Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun mutumin. Diddige gaba, yatsu baya.

A gabansa an shimfiɗa katuna a ƙasa, na gaske, masu yawa. Kowanne na magana ƙasa-ƙasa, kamar kasuwa daga nesa. A cikinsu ya ji an ce, "Baba."

Nafi'u ya durƙusa ya fara roƙo.

"Ga keken ɗinkina."

"Ba na ɗinki."

"Ga gidana."

"Ina da gida." Mutumin ya shafa jikin tsamiya.

Ayatul Kursiyyu ta zo bakin Nafi'u. Ya san in ya karanta, abin zai ɓace. Amma zai ɓace ne da katin. Ya haɗiye ta, hawaye na zuba.

"To me kake so?"

"Murya da murya ake fansarta."

Nafi'u ya ce, "Bari in faɗi abu ɗaya."

"Ɗaya."

Ya yi kalmar shahada. Sannan ya gyaɗa kai.

Wani sanyi ya bi ta maƙogwaronsa, kamar an zare zare daga allura. Da ya ɗago, ba mutum, ba katuna.

Tun daga ƙofar gida ya jiyo Iklima tana kuka tana neman tuwo. Ta sheƙo ta riƙe ƙafarsa. "Baba, ina ka je?"

Ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.

Shekara biyu ke nan. Yana nan yana ɗinki, da alli yake rubuta wa mutane ranar karɓa. Wayar kuwa tun a ranar ya jefa ta masai. Amma 'yan zauren sun rantse har yanzu saƙon murya na shigo musu, muryar Nafi'u sak, da raha da komai, tana tambayar wa ke son musaya.

Don haka, wanda ba ku san sunansa ba, kada ku karɓi komai a hannunsa, ko da a waya ne. Bayan marina kuma, in rana ta yi ja, kada in ji ɗayanku ya bi ta nan shi kaɗai.