Tarin Ɗakin Gwaji

Ranar da wani saurayi ya shigo masana'antar rungume da kwalin sabon inji, budurwar tana tsaye bayan Baba, mahaifinta, a ɗakin gwaji. A nan ake yi wa ƙarfe ruwan azurfa, kuma Baba ne mai auna ƙarfin sinadarin tankuna. Zai ɗebo ruwan a kwalba, ya riƙa ɗiga magani har launi ya juya. In awo ya kuskure, kaya su fito dabbare-dabbare.

Abin da babu wanda ya sani, idon Baba ya gaji. Ita ce ke ɗan yin tari idan launin ya juya, shi kuma ya tsayar da ɗigon yana hura hanci.

Saurayin ya ji tarin, ya dubi kwalbar, ya dube ta. Ya yi murmushi kawai.

Ba a yi sati ba saƙonsa ya shigo wayarta: "Ɗigona, Allah ya sawwaƙe tarin nan."

"Mai Inji, ka iya bakinka."

"Bakina na iya shi. Zuciyata ce ta gagare ni."

Ta karanta har ta haddace. So ya kama ta, ba da wasa ba.

Amma da maganar aure ta je kunnen Baba, sai ya yi tsalle ya dire. "Wanda ya zo ture ni daga kujerata? Shi zan ba 'yata? Kada ya sake tako min gida!"

Ta sha kuka, ga tsoro kuma. Kalma ɗaya daga bakin saurayin, asirin Baba ya tonu.

Ranar kunna injin, manaja ya tambaya a gaban kowa ko har yanzu ana buƙatar dattijon.

"Injin zai ɗiga magani, ya gane juyawar da kansa, ya nuna lamba," in ji Mai Inji. "Amma in lamba ta sauka, sai da wanda ya san halin tankunan. Ni dai hannun Baba zan damƙa shi."

Ya kunna. Lambobin suka fito ɓaro-ɓaro, kowace kamar tafin hannu. Baba ya karanta su daga inda yake tsaye.

Da aka watse ya kira saurayin. "Wa ya ce ka ƙara musu girma?"

"Haka nake son su, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun tarin farko."

"Na kore ka, kuma ba ka faɗa ba?"

Mai Inji ya sunkuyar da kai.

Awarwaron bikinta Baba da kansa ya tsoma su a tanki, suka fito suna walƙiya, ya bi kowa yana nunawa. Da zai miƙa ta ga ango, kuka ya sarƙe ta, ta yi tari.

"Bar tarin nan, 'yata," in ji Baba. "Wannan yaron da idona na gan shi. Allah ya yi muku albarka."