Makauniyar Taga ta Gidan Sistoci

Ku rage fitilar nan kaɗan, ku matso. Abin ya faru ne a Kufan Ranau, bayan duwatsu, inda tsohuwar hanyar fatake ta karkata. Ko shekarar fara ce, ko wadda ta biyo ta, wannan ya kuɓuce mini. Sunan maginin dai yana nan: Tunau.

Wasu mata ne suka sauka a wurin, Sistoci masu farin lulluɓi, waɗanda suka bar aure da dangi saboda ibada irin tasu. Su bakwai. Suna jinyar marasa lafiya, suna kuma son ɗakin addu'a a jikin gidansu. Babbarsu, wadda ake kira Uwar Sistoci, ta nuna wa Tunau hoton majami'ar garinsu ta ƙetaren teku. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Ginshiƙai a murɗe kamar igiyar guga, goshin ginin ya kumbura nan ya lotsa can, tulluwar kuma siffar ƙwai gare ta. Can sama ga wata taga mai ado, amma a toshe.

"Ranki ya daɗe, wannan ta ina iska za ta shiga?"

"Ba ta buɗewa, Magini. Ado ce kawai."

"Makauniya ke nan." Ya sosa gemu. "To, dutse ba ni da shi. Amma ƙasa ta fi dutse jin magana."

Rani na farko aka yi harsashi. Ƙasar kuwa daga rusassun bangayen kufan aka ɗebo ta, don magina sun san ƙasar da ta taɓa zama ɗaki ta fi sabuwa ƙwari. Rani na biyu bango ya tashi, tubali bisa tubali, kaurinsa a gindi ya kai kwanciyar mutum. Rani na uku aka zo ga bakan gizo, wanda zai ɗauki tulluwar. Kun san yadda ake yinsa? Ƙafa biyu ke tasowa, ɗaya daga wannan bango, ɗaya daga wancan. A ɗora azara, a ɗaure, a rufe da ƙasa, a bari ta bushe, a ƙara wata gaba da ita, har su haɗu a tsakiya. Kafin su haɗu, kowace a iska take rataye. Ruwan sama ɗaya ya isa ya zubar da aikin shekara uku.

Saura kamu uku su haɗu, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ma'aikata suka ajiye kwanduna, kowa ya tafi sharar gona. Tunau bai ga laifinsu ba. Shi dai ba shi da gona. Matarsa ta riga shi, ba su bar ɗa ba. In bakan nan ya faɗi, babu abin da zai nuna ya taɓa zama a duniya.

Sai ya koma aikin dare, don zafin bazara tsattsage ɗanyar ƙasa yake yi. Ya sauko ya kwaɓa, ya cura, ya hau tsani da curi ɗaya, ya ɗora, ya sake saukowa. Shi kaɗai, sai farin wata.

A dare na uku, yana zaune bisa ƙafar bakan, gajiya ta sa ya manta. Ya miƙa hannu gefe, yadda ya saba shekara arba'in in yana son a jefo masa ƙasa.

Curi ya faɗo cikin tafinsa. Tap.

Magini ba ya duban mai jefo masa ƙasa. Hannu ne ke magana da hannu. Ya ɗora. Ya miƙa. Tap. Sai a na bakwai hankalinsa ya dawo. Inda yake zaune ya kai tsayin mutum huɗu, ba a taɓa jefo ƙasa can ba. Curin sanyi ƙalau, kamar ruwan randa. Ya kara shi a hasken wata. Shatin yatsu uku ne a jiki, dogaye, sun zagaye shi har sun haɗu.

Bai duba ƙasa ba.

"Sannu da aiki, bawan Allah."

"Yauwa, Magini."

Ba daga ƙasa muryar ta zo ba. Daga cikin ginin da yake zaune a kai ta fito, ya ji ta a cinyarsa.

Da asuba jifan ya tsaya. Ya sauko ya duba makwaɓa. Ga sawunsa, yatsu biyar-biyar. Kusa da su ga wasu ramuka zagayayyu, kamar an bi wurin da bakin taɓarya.

Ya yi niyyar kada ya koma. Da yamma aka yi tsawa a nesa, ya koma.

Dare biyu suna aiki haka, ba mai cewa uffan. Kuma Tunau, Allah Ya ji ƙansa, ya faɗa daga baya cewa tun rasuwar matarsa bai ji daɗin zama da wani kamar wannan ba.

Daren haɗewa, saura taƙi ɗaya, ya miƙa hannu. Shiru. Iska ta taso da ƙamshin ruwa.

"Jefo mana, bawan Allah."

"Ka san ƙasar wa kake ɗorawa?"

"Ta kufai ce. Ba ta da mai ita."

"Bangon gindin ƙirya. Tun da mutanen Ranau suka watse nake cikinsa. Rani uku ina bin ɗakina curi-curi." Bakan ya motsa a ƙarƙashinsa, kaɗan, kamar doki ya gyara tsayuwa. "In na kira ƙasata, za ta dawo. Da kai a kanta."

Tunau ya ce, "Me kake so?"

"Inda zan jingina."

"Gidan ba nawa ba ne. Na mata ne. Ko ni, in na gama, iyakata ƙofa."

Wata azara ta yi ƙara. Ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannunsa. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan inda zai zana tagar nan ta hoto.

"Akwai wata taga," ya ce a hankali. "Ba ta duban ciki, ba ta duban waje. Ba wanda zai taɓa buɗe ta. Zan bar rami a bayanta, kamu biyu. Amma ba za ka firgita su ba."

"Suna waƙa?"

"Safe da yamma."

Muryar ta sake fitowa daga cikin ginin.

"Na daɗe ban ji muryar mutane a ƙarƙashin rufi ba."

Tap.

Kafin ruwan ya sauko sosai, ƙafafun biyu sun kama juna, Tunau ya lulluɓe su da zana. Bayan damina ya rufe tulluwar, ya murɗa ginshiƙai, ya zana tagar da yatsunsa, ya shafe ta da makuba. Ramin bayanta bai faɗa wa kowa ba.

Wata rana Uwar Sistoci ta tare shi a ƙofa.

"Magini, in muna waƙa, ginin yana amsawa."

"Haka tulluwa take, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana dubansa. "Mu bakwai ne. Murya takwas nake ji." Ta gyara lulluɓinta. "Ba ya kuskure. Ka bar shi."

Shekaru suka tafi. Nawa ne, kada ku tambaye ni. Wasu suka rasu, wasu aka mayar da su birni, ta ƙarshe ta kulle ƙofa ta ba dagaci makulli. Ɗakunan kwanansu suka zube. Amma kowane rani sai a ga Tunau, ya tsufa har yana dogara sanda, ya nufi kufan da ƙwaryar yaɓe. Masu kiwo suna jiyo shi yana hira, yana ma dariya.

Dagaci ya ce masa, "Baba Tunau, gidan da ba kowa, wa kake yi wa yaɓe?"

"Ni na ba shi masauki," ya ce. "Sau biyu ke nan gari yana watsewa ya bar shi."

Ranin da Tunau ya rasu, ba wanda ya je yaɓen. Bakan yana nan tsaye, na gan shi da idona, tsaga ta bi ta gefen tagar.

Saboda haka, 'ya'yana, kada ɗayanku ya bi hanyar Kufan Ranau shi kaɗai bayan magariba. In kuwa ta kama, kuka ji wani abu mai sanyi ya taho ta iska, ku sa hannuwanku a aljihu, ku bar shi ya faɗi. Ba mugu ba ne. Magini yake nema. Amma wanda ya cafe curi ɗaya ya karɓi aikin, aikin ƙasa kuwa ba ya ƙarewa.