Kebul Ɗin da Auduga Ya Tauna

Ƙarfe huɗu na yamma ya ɗan gota, ana yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum sai a hankali, Auta tana tsaye a bakin shagon da ta rantse ba za ta ƙara takawa ba.

Wata takwas ke nan rabonta da layin.

Allon zanenta na cikin leda, ta rungume shi a ƙirji. Shagon yana nan yadda ta bar shi. Fankar nan mai girgiza kai, kwalaye cike da matattun linzamin kwamfuta, ƙaurin dalma, da kujerar roba mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Shi ma yana nan, ya sunkuya a kan tebur, fitila na haska masa rabin fuska.

Mai gyara ne, amma duk layin Ba-Sauri suke ce masa. Ko gobara aka yi, in ji su, sai ya gama ɗaure ƙusar da ke hannunsa kafin ya tashi.

Ita ba don son ranta ta zo ba. Gobe da safe za ta bar garin. Wani kamfanin yadi ya ɗauke ta aikin zana furanni, har sun ce in ta so ta riƙa turo zanen daga gida, ita ce ta ce a'a, gara ta tafi can. Yayanta ya yi murna, ya zaci son aiki ne. Bai san ta gaji da zagaye layi guda ba ne kullum don kada ta ga wata ƙofa.

To ana cikin haɗa kaya sai ta leƙa ƙarƙashin gado, ta tarar da Auduga, farin zomonta, ya yi zaman sarauta yana taunar kebul ɗin allon da take zane a kai, wanda ke haɗa shi da kwamfuta. Kuma irin na dā ne, kebul ɗin a jikin allon yake, ba a cire shi a sa wani.

Ta fara zuwa shagon gilashi da ke bakin titi, inda ake sayar da kayan kwamfuta. Mai shagon abokin Yaya ne, ya daɗe yana yi mata murmushin da ba ta mayarwa. Ko juya allon bai yi ba ya ce ta jefar, ya ciro sabo fil ya ce kyauta ne, ai ita ba ta wuce haka a wurinsa ba. Ta ƙi. Shekara biyar hannunta ya saba da wannan, kuma marigayi Abba ne ya sayo mata.

Da ta koma gida tana ƙunƙuni, Umma tana ninke mata kaya, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce ai ta san mai iya gyarawa, sai dai in girman kai ya hana ta.

Abin da ya kawo ta ke nan.

Ta yi sallama. Ya amsa, ya ɗago, sai ƙusar da ke hannunsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Bai bi ta ba.

"Auta..."

"Gyara na kawo," ta ce, idonta a kan fankar.

Ya goge mata kujera da hannun rigarsa. Ya karɓi allon da hannu biyu, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya daɗe yana duba wurin da aka tauna. Sai ta ga gefen bakinsa ya motsa. Ya tambaya ko aikin Auduga ne. Ta ce wa kuma zai yi, ai duk wanda ya ba ta zomon nan bai ba ta zaman lafiya ba. Ya ce shi lokacin da ya kawo shi bai fi tafin hannu ba, bai san zai girma ya zama ɗan ta'adda ba.

Ta danne dariyarta da ƙyar.

Ya nuna mata matsalar da bakin reza. Zomon ya ci kusa da jikin allon, abin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba. Duk yankan da zai yi sai ya rage tsawon.

"Sau biyu kawai zan iya yankawa," ya ce. "In na ɓata na biyu, shi ke nan."

Sannan ya sosa ƙeya, ya ce ƙarfen da ke riƙe masa waya, mai baki biyu kamar na ƙaguwa, ya karye tun makon jiya. Ko za ta taimaka ta riƙe?

Ta matso da kujera.

Ya feɗe baƙar robar a hankali, sai ga siraran wayoyi huɗu sun fito, ja da baƙi da kore da fari, kowacce kamar gashin kai. Ta riƙe baki ɗaya, ya riƙe ɗaya. In yana narka dalma ba ya magana, numfashi ma ɗauke shi yake yi, ta san wannan tun dā. Hayaƙi siriri ya tashi tsakanin fuskokinsu, ya lanƙwasa, ya bi hasken fitila. Ruwa na taɓa kwanon rufi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

Sai ta ji kamar wata takwas ɗin nan mafarki ne ta yi a kan wannan kujera. Kamar yanzu zai ajiye ƙarfen ya ce ta zana masa gidan da za su zauna, ta zana mai taga uku, ya ce ta ƙara ɗaya saboda zomo. A nan ta fara ganinsa, ranar da ta kawo linzaminta ya ƙi motsi. Gyaran minti biyar ya ɗauke shi awa guda, ita kuma ba ta ce ya yi sauri ba.

Ja ta kama. Baƙa ta kama. Kore, sannan fara.

Ya sauke numfashi, ya miƙa hannu gefe, sai hannun ya tsaya a sama.

Ta bi idonsa. Ga ɗan bututun roba can kwance a kan tebur, wanda ake zura wa kebul kafin a haɗa, in an gama a jawo shi kan mahaɗar a gasa shi ya tsuke. In an riga an haɗa, ba ta inda zai shiga, ga allo a nan, ga ƙaton kan da ake sokawa a kwamfuta a can. Shi da bakinsa ya sha gaya mata cewa bututu ne farko, wanda ya manta shi bai fara koyon aiki ba.

"Shekara bakwai ban taɓa mantawa ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce a naɗe da salatif mana. Ya girgiza kai, ya ce wata biyu zai kware, kuma a can inda za ta ba ta san kowa ba. Nan ta gane ya san da tafiyar. Ya ce ai mai shagon gilashi ya gaya wa duk layin.

Ya ja aljihun tebur zai ɗauko sabuwar reza. Kafin ya rufe ta hango ƙarfen mai bakin ƙaguwa a ciki, lafiyarsa lau, an lulluɓe shi da tsumma rabi da rabi.

Ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

Ya sa rezar a kan kebul ɗin, yankan ƙarshe, amma ya kasa yankawa. Ya ajiye rezar, ya ce ta ɗan ba shi minti ɗaya.

Ita kuma abin da ta haɗiye wata takwas ya taso mata har wuya.

"Me ya sa ba ka zo ba?"

Ya dube ta kamar bai ji da kyau ba.

Ta ce ranar da Yaya ya ce ba zai ba wa mai liƙe-liƙen waya ƙanwarsa ba, ita ce ta yi kwana uku tana roƙo har ya yarda su zauna. Ta zauna a falo ita da shi, shayi ya huce, aka sake dafawa, ya sake hucewa. Yaya yana duba agogo yana ce mata ga mijin nata nan, ko ƙofa ya kasa takowa.

"Na zo, Auta."

Ya ce ya zo tun kafin lokaci, da sabuwar riga. A bakin ƙofarsu ya tarar da mai shagon gilashi yana fitowa. Mai shagon ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ita ce ta aiko shi, wai ta sake tunani, kada ya shiga ya kunyata ta a gaban yayanta, kuma kada ya neme ta. Ya tsaya a gindin falwaya har ƙafarsa ta gaji, sannan ya juya.

"Kuma ka yarda?"

"Ni aji uku na yi na bari," ya ce. "Kullum ina jiran ranar da za ki farga. Da ya faɗa, sai na ce to, ranar ce ta zo."

Hawayen da ta yi ta riƙewa suka sauko. Ta ce shi fa mutum ne da ba ya cewa waya ta mutu sai ya gwada ta sau biyu, ya juya ta, ya sake gwadawa. Amma ita, magana ɗaya daga bakin wani, ko kira ɗaya bai yi ya ji daga bakinta ba?

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce gaskiyarta ne. Ya ƙara da cewa, a hankali, shi ma dai wayarsa ba ta yi ƙara ba.

Wannan ma gaskiya ne.

Ruwa ya ƙara ƙarfi kaɗan. Fanka ta juyo ta kalle shi, ta juya ta kalle ta.

Ta goge ido da bayan hannu, ta ce ya yanka. Ya yanka, tsaf. Ita ta ɗauki bututun da kanta ta zura, ta tura shi can baya, sannan ta kama bakin kebul ɗin.

"In ka gaji da hannuna, ga na ƙarfe can a aljihun tebur," ta ce. "Na ga ya warke."

Kunya ta kama shi har kunnuwansa, ya kasa ɗagowa.

Wayoyi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya rufe ta daban don kada su taɓa juna. Ya jawo bututun, ya kunna ashana ya riƙa wucewa da ita ta ƙasa, robar ta tsuke ta rungume mahaɗar. Ya soka kan kebul ɗin a tsohuwar kwamfutarsa. Ɗan haske shuɗi ya kama a gefen allon.

Ta ɗauki alƙalamin, ta ja layi. Layin ya fito a fuskar kwamfuta, siriri, bai yanke ba.

Ya sa allon a leda, ya miƙa mata, ya ce Allah ya kiyaye hanya gobe. Muryarsa ta ɗan karye a kan goben.

Ba ta karɓa ba.

"Yaya yana gida yanzu," ta ce. "In ka zo, ni zan shigar da kai da kaina."

Ranar ce mutanen layin suka fara ganin Ba-Sauri ya rufe shago a gurguje tun kafin lokacin tashi, har yana tuntuɓe da kwali. Suka bi ta gaban shagon gilashi ƙarƙashin lema ɗaya, shi rabin jikinsa a waje. Mai shagon ya hango su, ya juya yana gyara kayan da ba su karkace ba.

Da suka isa gida, Yaya bai yi maraba ba. Ya zauna ya harɗe hannu, ya ce wata takwas ne lattin, wane irin mutum ne wannan. Ba-Sauri ya bar shi ya gama tas, sannan ya ba da labarin bakin ƙofa, bai ƙara ba bai rage ba, bai zagi kowa ba. Yaya ya ɗauki waya ya kira abokinsa a gabansu. Tambaya ɗaya ya yi masa. Shirun da aka yi a ɗaya ɓangaren ya yi tsawo, har Yaya ya kashe da kansa.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya tambayi Ba-Sauri da me zai riƙe ta. Ya ce da hannunsa, shi ke gare shi, kuma bai taɓa kwana da aikin mutum ya ce ya gama alhali bai gama ba.

"Ke kuma tafiyar fa?"

"Zan turo musu daga nan, Yaya. Dama sun yarda."

Yaya ya yi tsaki, irin na wanda aka fi ƙarfinsa. Ya ce wa Ba-Sauri ya dawo ranar Asabar tare da mahaifinsa, kuma in ya ga kowa a bakin ƙofa, ko shi ne da kansa, ya ture shi ya shigo.

Auta ta tashi don kada su ga fuskarta, ta je ta tsaya jikin taga. Ruwa ya sauko sosai yanzu. Takalman Ba-Sauri na nan inda ya cire su a kan matakala, sun fara cika.

Sai ta ga Umma ta fito daga kicin, mayafi a ka. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta zubar da ruwan, ta jingina su a bango inda rufi ya kare. Ta goge hannu a zaninta, ta koma ciki ta ci gaba da aikinta.